Maraɗi zuwa Agadas da Dawowa: Lissafin Tafiyar Kwana Takwas a Motar Gida

Wani ɗan kasuwar hatsi a Maraɗi, wanda za mu kira Alhaji kawai, ya sami waya ranar Alhamis cewa 'yarsa da ke aure a Agadas ta sauka lafiya. Suna sai Alhamis mai zuwa da safe. Lokacin sanyi ne, an gama shigo da amfanin gona. Ya yanke shawarar tafiya da motarsa, tsohuwar Toyota Hilux mai gida biyu mai shan gazuwal, su biyar: shi, da Hajiya, da yayarsa wadda kowa ke kira Gwaggo, da ɗansa saurayi, da direba. Akwai kuma wata buƙata da ya ɗora a kan tafiyar. Wani abokin cinikinsa a Agadas yana riƙe masa jika 600, wato sefa 600,000, sama da shekara guda, kullum a waya sai "in sha Allah wata mai kamawa".

Tsarin da suka yi mai kyau ne a baki. Su tashi Talata bayan sallar asuba, su bi ta Tibiri, Gidan Rumji, Madawa, Galmi da Malbaza, su karya arewa a Tsarnawa, su wuce Badagishiri da Tawa, su kwana Abalak, kimanin kilomita 485. Laraba su ƙarasa sauran kilomita 270 ɗin da rana tsaka. Kwana biyu a Agadas, sannan su dawo ta Adarbisanat, Tanut, Damagaram da Tasawa, kimanin kilomita 685. Da zirga-zirgar cikin gari, tafiyar duka ta kama kilomita 1,500 cikin kwana shida.

Kuɗin da aka ware jika 248 ne. Gazuwal lita 150 a kan sefa 618, farashin da gwamnati ta tsayar a ragin watan Yuli na 2024, ya ba da jika 93. Juyen baƙin mai da canza matatarsa da matatar iska jika 25, abinci 30, kuɗin hanya 10, ladan direba 40, tsaraba 50. Ba a ajiye ko dala ɗaya ba saboda lalacewar mota. Da suka dawo Maraɗi bayan kwana takwas, aka gama gyaran mota, aka zauna lissafi, abin da ya fita jika 474 ne.

Inda ɓarnar ta faro

Ranar Litinin da dare direba ya buɗe jakar takardu ya ga asirans ta ƙare kwana tara da suka wuce. Ba yadda za a yi a keta shingen jandarma da 'yan sanda daga Maraɗi har Agadas da takarda matacciya, sai aka jira ofis ya buɗe da safe. Ana cikin jira ne Alhaji ya ga ai bayan mota da sauran wuri, ya sa aka ƙara buhu huɗu na gero a kan biyun da za a kai gidan mai jego, don gero ya fi daraja a Agadas. Sai ƙarfe 11 mota ta bar gari. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk abin da ya biyo baya yana da alaƙa da waɗannan awa biyar da aka rasa da buhu huɗun da aka ƙara.

A duba nauyin. Mutum biyar manya kimanin kilo 350. Gero buhu shida, kilo 600. Bido biyu na ruwa da biyu na gazuwal, kusan kilo 90. Akwatuna, tabarmi, garar mai jego da tarkacen Hajiya sun haura kilo 100. Jimla ta doshi kilo 1,150. Irin wannan mota, ko tana sabuwa, abin da aka yi ta ta ɗauka bai kai tan ɗaya ba, kuma har da mutanen cikinta ake ƙirgawa. Masu mota da yawa suna mance wannan, suna ƙirga abin da ke baya kaɗai kamar fasinjoji ba su da nauyi. Direban ya gani. Ya zagaya bayan motar ya ce, "Alhaji, motar nan fa ta zauna." Alhaji ya ce ai ta sha ɗaukar fiye da haka zuwa Dakwaro. Gaskiya ne ta sha ɗauka, sai dai Dakwaro ba Agadas ba ce.

Magariba ta same su a Tawa, dole suka kwana can. Ma'ana, ranar Laraba ba kilomita 270 ke gabansu ba, 400 ne, kuma a kan hanyar da aka shimfiɗa tun ƙarshen shekarun 1970 don jigilar yuraniyom daga Arlit, wadda manyan motoci suka daɗe suna ci. Wani wurin an gyara, wani wurin kwaltar ta zama tsibirai, direbobi sun buɗe tasu hanya a gefe cikin rairayi da gargada. Halin hanyar yana canzawa daga damina zuwa damina, shi ya sa direban kirki ke shiga tashar Tawa ya tambayi wanda ya sauko jiya, game da ramuka da game da tsaro baki ɗaya. Wannan direban ya yi tambayar, aka kuma gaya masa abin da kowa ya sani: kada dare ya same shi tsakanin Abalak da Agadas yana tafiya.

Taya, iska da zafi

Sun wuce tafkin Tabalak da hantsi, suka shiga Abalak wajen ƙarfe 10 da rabi. A Tawa ba su cika tanki ba don layi ya yi tsawo kuma suna sauri. A Abalak suka tarar babu gazuwal a famfo ranar, sai suka sayi lita 30 a hannun masu bido a kan sefa 800, aka juye kai tsaye ba a tace ba. Za mu dawo kan wannan.

Kilomita 40 bayan Abalak tayar baya ta hagu ta fashe. Ba ƙusa ba ce. Gefen tayar ne ya yage, wayoyin ciki suka fito kamar gashin masara, robar da zafi har ba a iya riƙe ta. Wanda ya san taya yana ganin haka ya san abin da ya faru. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Ta wannan motar tana ɗauke da 2317, wato an yi ta a mako na 23 na shekarar 2017. An saye ta ne ta hannu, zanenta da sauran kyau, amma robar ta bushe. Tayar da ta haura shekara shida ba abin dogaro ba ce a doguwar hanya komai kyan fuskarta.

Na biyu, iskar. An bar tayoyin baya a kan awon da ake yawo da shi cikin gari babu kaya, alhali in an yi lodi sai an ƙara musu, su kai wajen kilo uku ko abin da takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ta nuna. Taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin nauyi tana lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, wannan murzar ce ke haifar da zafi a gefenta har zaren ciki ya saki. Akwai masu rage iska da gangan wai kada zafin kwalta ya fasa taya. Wannan kuskure ne da ke kashe mutane. Rage iska na rairayi ne, a tafiyar sannu, kuma da an hau tsandauri sai a mayar. A kuma auna da safe tayar tana sanyi, ba bayan ta yi gudu ba.

Aka sauko da tayar ajiya, aka tarar ta saki. Rabon da a duba ta tun ranar da aka ɗaure ta a ƙarƙashin mota. Babu famfo. Awa biyu suka yi a rana kafin wata babbar mota ta tsaya ta ba su iska.

Karayar lam

Daga nan direba ya shiga kora don ya rama lokaci, sauri kuwa ya haifi nawa. Wajen ƙarfe 3 ƙafar baya ta hagu ta faɗa wani rami mai kaifin baki, aka ji ƙara kamar an sare ƙarfe, motar ta karkace. Babban faifan lam, wato jerin faifan ƙarfen da ke ɗauke da nauyin bayan mota, wanda idonsa ke riƙe da jikin mota, ya karye dab da inda aka ɗaure shi da gindin ƙafa. Da aka duba bakin karayar, rabinsa baƙi ne mai tsatsa, rabi fari mai ƙyalli. Wato tsagar ta daɗe, nauyi da ramin nan ƙarasa ta kawai suka yi. Minti goma a kan ramin gareji da tocila da sun nuna ta tun a Maraɗi.

In ƙaramin faifai ne ya karye, ana iya ɗaure shi da waya da robar taya a lallaɓa zuwa gari. Babba kuwa shi ke hana ƙafar motar ja da baya, in aka matsa tafiya taya za ta riƙa gugar jiki, tiyon birki na iya tsinkewa. A nan direban ya yi abin da ya dace: ya ƙi motsawa. Wurin babu layin waya. Ɗan Alhaji ya bi wata mota ya koma Abalak neman makanike da lam na hannu, bai dawo ba sai bayan isha, su biyu a kan babur.

Daren nan shi ne abin da 'yan tafiyar suka fi ba da labari. Iskar hunturu ta taso, bargo biyu ne kacal a motar. Aka kwantar da Gwaggo a kujerar baya, ga ta da ciwon suga, abincin da ya rage burodi ne da ƙuli-ƙuli. Wani Buzu makiyayi da ya hango fitila ya zo da ƙwaryar nonon raƙumi da garwashi a ɗan murhun waya, ya zauna ya dafa musu shayi hawa uku, bai tashi ba sai da makanike ya iso. Da Alhaji ya miƙa masa kuɗi ya girgiza kai, sai tiya biyu ta gero da Hajiya ta ɗebar masa ya karɓa. Abin da ya rufa musu asiri shi ne ruwa: lita 50 ɗin nan ita kaɗai ce aka tanada yadda ya kamata.

Da gari ya waye makanike ya ɗaga motar, ya kwance lam ɗin ya sauya faifan, aiki ya kai ƙarfe 10. Ya ce ba zai lamunci gyaran ba sai an rage kaya, aka ɗora buhu biyu a wata babbar mota aka biya. Lam, ladan aiki da kuɗin babur sun ci jika 38. Suka shiga Agadas bayan la'asar ranar Alhamis. An raɗa suna tun da safe, an yanka rago, baƙin maza sun watse. Mai jego ta tare su a bakin ƙofa da jariri a hannu, ta ce, "Baba, tun jiya ban runtsa ba, wayarku duka ba ta shiga." Wannan ba ya cikin jika 474.

Gazuwal ɗin bido

A Agadas sun ƙara kwana ɗaya kan wanda aka tsara saboda gareji, aka sayi taya ta hannu mai ɗan dama da gyaran ta ajiya a kan jika 45. A hanyar dawowa, bayan sun wuce dutsen Tigidit sun doshi Adarbisanat, motar ta fara rasa ƙarfi, in an taka sai ta yi kamar ana riƙe ta, ga fitilar ruwa a cikin mai ta kama. Man bido yakan zo da ruwa da ƙasa daga gindin duro. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, yana taruwa a ƙasan matatar mai, dattin kuma yana toshe takardar ciki. Direba ya kwance ɗan murfin ƙasan matatar ya tsiyaye ruwan har mai tsantsa ya fito, ya danna famfon hannu na samanta har ya yi tauri, suka lallaɓa zuwa Tanut aka sa sabuwa a kan jika 9. Sun yi sa'a. Da ruwan ya wuce zuwa famfon allura, da gyaran ya kai ninkin wannan sau da yawa. Juyen man da aka yi a Maraɗi bai haɗa da matatar gazuwal ba, kuma ba a ɗauki ta ajiya ba, abin da bai fi girman gwangwanin madara ba. In dole ta sa a sayi man bido, a bar shi ya kwanta, a tace da kyalle mai tsabta, a bar na gindin.

Sauran hanyar lafiya lau, ta gaban matatar man fetur ta SORAZ da aka buɗe a 2011, suka kwana Damagaram, washegari suka shigo gida. Bayan mako guda motar ta koma gareji: abin rage girgiza na baya duka biyu sun zubar da mai, ga walda a gindin bodi, jika 60.

Yadda jika 226 ta ƙaru

Mai, wanda shi ne kowa ke tsoro kafin tafiya, jika 33 kaɗai ya ƙara. Motar ta sha lita 195, wato 13 a kowane kilomita 100, ba 10 da aka lissafa ba, domin awon 10 ɗin na motar da ba kaya ce a kan kwalta mai kyau. Kwana biyun da suka ƙaru sun jawo jika 41 tsakanin abinci, masauki, ƙarin ladan direba da kuɗin dakon buhunan. Sauran jika 152 duk gyara ne. A ganinmu ba daidai ba ne a ɗora wa tafiyar dukkan wannan kuɗi, tunda tsohuwar taya da tsagaggen lam bashi ne da motar ke bin mai ita tun da, hanya karɓa kawai ta yi. Amma ta karɓa ne a wuri mafi tsada, a dajin da kai ke neman makanike ba shi ke nemanka ba.

Buhu huɗun da aka ƙara an sayar da su da ribar jika 5 kowanne, jika 20 ke nan. Taya da lam kaɗai sun ci 83.

Abin da aka samu

Maganar bashi ta warware a zama ɗaya. Alhaji ya je rumfar mutumin tare da surukinsa da wani dattijon kasuwa. Wanda ya shekara yana kakkaucewa a waya ya kasa haɗa ido, ya kawo jika 350 a ranar, sauran 250 aka rubuta biya biyu a gaban shaidu. Alhaji bai ɗauko kuɗin a aljihu ba, ya tura su Maraɗi ta kamfanin aika kuɗi, irin su Nita da Amana da ke da rassa a garuruwan nan, kuma wannan dabara ce mai kyau ga wanda zai keta daji. Ya kuma gane da idonsa cewa mutumin ba karyewa ya yi ba, rumfarsa cike take, don haka ya daina ba shi kaya bashi sai da rabin kuɗi a hannu.

A dawowa an yi lodi da hankali, kilo 300 kacal: tafarnuwa da dankalin turawa na lambunan Abzin, irin na wajen Tabelot, da dabino da ɗan cuku. Ribarsu a Maraɗi jika 45. Ɗan Alhaji ya karɓi lambobin dillalai biyu, yanzu ana turo masa kaya a babbar mota ba sai ya je ba. Shi da Gwaggo sun shiga tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, suka ga hasumiyar masallacin nan ta ƙasa mai tsayin mita 27. Gwaggo ta ce tun tana yarinya take jin labarinta a bakin masu azalai, wato ayarin raƙuman gishiri.

Hajiya kuwa ta ga abin da waya ba ta nunawa. Ƙafafun mai jego a kumbure, tana fama da ciwon kai, tana ɓoyewa don kada a ce ta cika raki. Hajiya ta tsaya kai da fata sai an je likita, aka auna aka tarar jininta ya hau, aka ɗora ta kan magani. Hawan jini bayan haihuwa ba abin wasa ba ne. Ko wannan kaɗai aka je yi, zumunta a ƙafa take, tafiyar ta biya kanta.

Da motar gida ko da bas?

Tambayar da ta rage ba ta zuwa ba ce, ta abin hawa ce. A ɗauka tikiti jika 15 ne kowane mutum. Mutum huɗu, zuwa da dawowa, jika 120, a ƙara abinci, tsaraba da kuɗin kaya, a ce 210. Bashin da an karɓo shi, likitar da an je ta, kuma da wuya a rasa suna. Motar gida ta ci jika 264 fiye da haka, in an cire ribar gero da ta tafarnuwa saura kusan 200. Abin da wannan kuɗi ya saya shi ne tsayawa inda ake so saboda Gwaggo, wadda ba za ta jure zaman bas na yini da dare ba, da ratsawa gaishe da dangi a Damargu, da kai gara har ƙofar gida.

Da an yi abin da ya kamata, bambancin ba zai kai haka ba. A kai mota gareji kwana uku kafin tafiya, a hau da ita kan rami a duba lam, birki, tiyon ruwa da bel. A karanta shekarar kowace taya har ta ajiya, a ɗauki ta ajiya biyu da famfo. A sa matatar gazuwal da bel na ajiya a akwati. A fito da kart giriz, asirans, bizit da lasisin direba a duba kwanan watansu tun ranar da aka sa ranar tafiya. A cika tanki a Tawa komai tsawon layi. A lissafa mai a kan lita 13, a kuma ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tafiya a gefe. Tafiyar da ke da ranar da ba ta ɗagawa, irin suna ko ɗaurin aure, a ba ta kwana ɗaya na rara: da sun tashi Litinin, ko da duk abin nan ya faru, da Alhaji yana zaune a kan tabarma lokacin da liman ya raɗa wa jikansa suna.

Kashi na farko na sauran bashin, jika 125, ya iso a kan lokaci. Na biyu ya yi jinkirin mako uku, surukin ya je ya karɓo. Motar tana nan tana zuwa kasuwannin ƙauye da tayoyi biyu sababbi a baya, geron Agadas kuwa Alhaji ya koma ba manyan motoci a kan kuɗin buhu.